RA'AYINMU: Filin jirgi ya faɗaɗa, an sa makiyayi cikin lissafi?



Duk wanda ya ɗauko bisashe cikin kamyo ya shigo Yamai ta hanyar Doso, kafin ya kai tsakiyar gari sai ya bi ta bakin filin jirgin sama na Diori Hamani, kuma in ya daɗe rabonsa da birnin zai ga wurin ya sake kama ƙwarai. Ran 11 ga watan Yuni na 2019 ne shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya buɗe sabon ginin, ana saura 'yan makonni a yi babban taron shugabannin ƙasashen Afirka a Yamai. Wani kamfanin ƙasar Turkiyya mai suna Summa shi ya yi aikin da kuɗinsa, bisa sharaɗin zai riƙe filin shekara 30 yana maida abin da ya kashe, sa'an nan ya miƙa wa gwamnati. An gina sabon zauren matafiya da wurin sauke kaya, aka kuma ƙara wa hanyar da jirgi ke gudu a kanta tsawon mita 800, ta kai mita 3,800. Kuɗin aikin ya kai miliyar 101 na sefa. Don mu gane da irin awonmu, in aka sa bajimi guda a kan jika 400, to kuɗin bajimi dubu 250 ke nan da ɗoriya.

Mun san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan jaridar makiyaya da jirgin sama, ga tsadar dusa, ga ɓarayin shanu, ga burtali da ake nomewa kowace damina? To, jirgi dai sama yake tashi, amma ƙasa yake sauka, ƙasar kuwa ita muke kiwo a kanta. Sa'an nan jirgi yana da ciki, ana zuba masa kaya, kuma akwai ƙasashen da naman awakinsu ke fita ta wannan ciki ya je ya ciwo kuɗi. Abin da muke gani shi ne, ana yin lissafin filin jirgi ba a sa mu ciki, ba ta wajen hasara ba, ba ta wajen riba ba. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana.

A sani tukuna, abin nan ba mai tsayawa ba ne. A 1990, in aka ƙirga kowace tafiya, wajen mutum miliyar 1 suka hau jirgin sama a duniya duka. A 2019 sun kai miliyar 4 da rabi. Cutar korona ta zo a 2020 ta kwantar da jirage, adadin ya faɗi ƙasa da miliyar 2, har wasu suka ce ai an gama; ba a yi shekara 5 ba ya farfaɗo ya wuce inda yake da. Afirka kuwa wajen kashi 2 cikin ɗari kawai gare ta a wannan zirga-zirga, alhali kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya a cikinta suke. Wannan giɓi shi gwamnatoci da masu kuɗi ke kallo, kowace ƙasa tana son ta zama mahaɗar jirage. Gaskiya ne Yamai ta ga koma baya bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, sa'ad da aka rufe sararin samaniyar ƙasa wajen wata guda, jirgin Air France kuma ya daina zuwa. Amma wannan al'amarin siyasa ne, yau ga shi gobe ya sauya. Shingen waya kuwa in an kafa shi, ya kafu. Ba Yamai kaɗai ba, lokacin da ake yawo da bukin 18 ga watan Disamba jiha jiha, garuruwa irin su Maraɗi da Tawa da Damagaram da Difa su ma an taɓa filayen jirginsu.

Filin jirgi na zamani cin ƙasa gare shi kamar fara. Mu dubi maƙwabta. A Burkina Faso an keɓe hekta 4,400 a Donsin, wajen kilomita 35 daga Wagadugu, don sabon filin jirgi, aka tada ƙauyuka aka sake musu matsuguni. A Senegal, filin jirgin Blaise Diagne da ke Diass, wanda aka buɗe ran 7 ga watan Disamba na 2017 bayan shekara 10 ana gini, sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja da ƙauyukan da aka ce su tashi. A Abuja an ware hekta 12,000 don hanyar jirgi ta biyu da abin da ke biye da ita, aikin kuma ya tsaya cik a kan maganar diyyar mutanen Jiwa, sai a 2023 aka daidaita a kan naira miliyan 825. A Habasha kuwa, bayan an faɗaɗa filin jirgin Bole na Adis Ababa a 2019 ya kai mai ɗaukar mutum miliyan 22 a shekara, sai ya sake yi musu kaɗan. A watan Janairu na 2026 firaminista Abiy Ahmed ya ƙaddamar da ginin wani sabo kusa da garin Bishoftu, wanda ake nufin in an gama shi duka ya ɗauki mutum miliyan 110 a shekara, wato kusan yawan mutanen Nijar sau 4. Wajen mutum 15,000 ne aikin ya tada daga ƙasarsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To yanzu mu zo kan yadda ake biyan diyya, domin a nan gizo ke saƙar. Masu awon fili sukan zo da littafi su ƙirga abin da ido ke gani. Su auna gona, su ƙirga ɗaki da rumbu da rijiya, su ƙirga mangwaro da kuka da gawo, kowane da kuɗinsa. Manomi ya kawo takardar gona, ko maigari ya shaide shi, a rubuta sunansa. Ba mu ce abin da ake ba shi ya ishe shi ba, sau da yawa shi ma kuka yake yi, kuma muna tare da shi a kukan. Amma dai an rubuta shi. Makiyayi fa? Ba shi da ɗakin ƙasa, bukkarsa ta kara ce ko ta tabarma, ya naɗe ya tafi. Bai dasa itace ba, sai dai ya san kowane gawo da ke zuba 'ya'ya cikin bazara. Hurumin da yake kiwo na kowa ne, abin da yake na kowa kuwa a littafin mai awo na ba kowa ne. Mai wannan rubutu ya taɓa zama wani taro na wani babban aiki, ba na filin jirgi ba, inda aka shimfiɗa taswira bisa tebur. Wurin da muka sani da mashaya da makwantar shanu tun muna yara, an bar shi fari fat. Da muka tambaya, aka ce an je an duba ba a tarar da kowa ba. Yaushe aka je? Cikin watan Agusta. Wane makiyayi ne za a tarar a kudu cikin Agusta, alhali garke yana arewa yana gudun gonaki, wasu ma sun nufi Ingal lasar gishiri? Ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sani ne, amma hasarar da ya jawo ɗaya ce da ta mugunta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin ko kaɗan. Gonar da aka biya manomi diyyarta, bayan an saki gonaki mu ke shiga mu ci kara da harawa, mu zauna masa wata guda ko biyu mu bar masa taki, wani lokaci ya ba mu damin hatsi. An biya shi gonarsa, mu an ɗauke mana abincin rani ba a ko san an ɗauke ba. Ma'aikatan kiwo da kansu suna lissafin cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana, kuma wata 9 na rani suke ƙirgawa, wato abin da ya haura ton 1 da rabi ga saniya guda. Bayan daminar 2021 giɓin ciyawar da gwamnati ta bayyana ya wuce ton miliyan 15. Ƙasar da ke cikin wannan hali, kowace hektar kiwo da aka zagaye da waya sai an ji ta a jikin dabba. Waɗanda abin ya fi taɓawa kuwa su ne masu shanun tatsa na kewayen birni, irin waɗanda ke kai madara wuraren tarawa na Kollo da Hamdallaye, da matan da ke shigowa da ƙwaryar nono kowace safiya. Su ba su iya yin nisa da gari, birni kuma kullum ƙara matso su yake da yankan filaye.

Abin takaicin shi ne doka tana tare da mu, mu ne ba mu riƙe ta ba. Dokar karkara ta 2 ga watan Maris na 1993 ta yarda makiyayi yana da haƙƙin fifiko a kan mazauninsa na asali, wato wurin da yake komawa ya yi mafi yawan shekara, kuma ta ce ba a raba shi da wannan haƙƙi sai don amfanin jama'a, shi ma bayan an biya shi diyya ta adalci tun kafin a taɓa wurin. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu na 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda gwamnati ta lamunce, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a ya maida shi nasa shi kaɗai. Ba mu musun cewa filin jirgi amfanin jama'a ne. To amma sharaɗi na biyun fa, na diyya tun kafin a fara? Wa za a biya in ba a san da shi ba? Kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira kofo, suna nan tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma makiyaya suna da kujera a cikinsu. Aikinsu ne su auna burtali da hurumi da mashaya, su kafa turakun siminti, su rubuta cikin kundi. Sau nawa wakilinmu ya je zaman kofo? Sau nawa ya je ya yi shiru har aka tashi, don ana magana da Faransanci? Wurin da aka rubuta aka kafa wa turaku, ko gwamnati za ta ɗauka sai ta zauna da mu. Wurin da ke cikin kan tsofaffi kawai, ranar da buldoza ta zo, ihu bayan hari za mu yi.

Ɓarnar shinge kuma ba ta tsaya ga faɗin abin da ya zagaye ba. Ɗauki fili kamar na Donsin, hekta 4,400. In murabba'i ne, kowane gefe ya kusa kilomita 7. Garken da ke ratsawa ta tsakiya ya je ruwa, yanzu sai ya kewaya, tafiyar ta ninka biyu, da 'yan maruƙa da shanu masu ciki, cikin zafin watan Afrilu. Kewayen nan kuwa ba daji ba ne, domin inda duk aka kafa filin jirgi sai gudron ya biyo, sai masu sayen fili su biyo, kafin ka ankara gefen shingen ya zama unguwa. Burtalin da aka datse a wuri guda ya mutu gaba ɗaya, kamar igiyar guga ce da ta tsinke a tsakiya. Daga nan dabba ta faɗa gonar mutane, a kama ta, a ci tara, wani lokaci a zubar da jini, a ce Fulani da manoma sun yi faɗa, ba wanda zai tuna da wanda ya toshe hanyar tun farko. Bugu da ƙari, masu kula da jirage suna tsoron tsuntsaye, domin ungulu guda in ta shiga injin jirgi tana iya kashe shi. Saboda haka ƙa'idar duniya ta ce a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga filin jirgi, irin su juji da mayanka da ruwan da ke kwance. Wato tabkin da muke shayarwa, ko kasuwar bisashe mai wurin yanka, suna iya shiga cikin abin da za a ce a kawar, ko da suna can nesa da waya.

Nan kuma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciyawar da ke cikin shingen filin jirgi kore ce shar, ba mai taɓa ta, ga dabba tana rama a waje. Mun san akwai masu yanke waya da dare su tura yaro da garke. A watan Yuli na 2005 wani jirgin Air France da ya taso daga Faris da mutum kusan 200 ya sauka Fatakwal a Najeriya, ya afka cikin garken shanu a kan hanyarsa. Allah ya tsare ba wanda ya mutu sai shanun. A watan Fabrairu na 2018 a Akure, sai da wani jirgi ya yi ta shawagi a sama ana korar shanu kafin ya samu sauka. Da ɗayan waɗannan ya kife, da rayuka nawa za a ɗora wa makiyaya? Kuma har yau, duk sa'ad da aka tashi zagin makiyayi a jaridun kudu, sai an tono labarin nan. Wannan ƙungiya ba za ta je ta tsaya wa wanda ya yanke wayar filin jirgi ba, a ji da kyau. Abin da za ta nema shi ne, ciyawar nan da hukumar filin ke biyan kuɗi a yanke mata, a ba ƙungiyoyin makiyaya na kusa izni da takarda su shiga da lauje a ranakun da aka tsaida, su yanka su ɗaure su fitar. Filin ya samu shara, dabba ta samu abinci, ba wanda ya sa ran wani cikin haɗari.

Kada wani ya ɗauka muna gaba da jirgi. Kakanninmu da suka yi niyyar Makka da ƙafa suka tafi, ta Barno da Cadi da Sudan, suna kiwo suna ƙodago a hanya, wani shekara 3 wani 7, wani bai dawo ba sam. Zuriyarsu na nan Sudan har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno. Yanzu dattijo ya sayar da bajimai, ya hau jirgi da safe, kafin rana ta faɗi yana ƙasa mai tsarki. Kujeru 15,891 aka ware wa Nijar a hajjin 2023, kuma duk wanda ya je sansanin alhazai ya san masu kuɗin saniya ba kaɗan ba ne a cikinsu. Wato mu ma masu biyan kuɗin filin jirgi ne, tunda akwai harajinsa cikin kowane tikiti. Wanda ya biya kuwa yana da bakin tambaya.

Tambayar ita ce ta nama. Matasa ba su sani ba, amma fitar da nama ta jirgin sama ba sabon abu ba ne a ƙasashen nan namu. Tun shekarun 1950 jirage ke ɗaukar nama daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suna kai shi Duwala da Libreville da Brazzaville da Kinshasa, inda ƙudan tsando ya hana kiwon shanu. Don haka aka gina mayankar Farcha mai ɗakin sanyi a 1958, kuma naman nan ya sa filin jirgin garin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren lodin kaya a duk ƙasashen da Faransa ke mulki. A Yamai ma an gina mayanka mai ɗakin sanyi a 1967, kamfanin gwamnati na SONERAN yana fitar da nama waje. Duk wannan ya bi ruwa. A 2009 aka aza harsashin sabuwar mayanka ta zamani a Yamai da niyyar sayar da nama ƙasashen waje, aka yi buki, aikin ya tsaya a hanya.

Habasha kuwa ta riƙe abin. A garin Mojo da kewayensa, kudu da Adis Ababa, akwai mayankai da aka gina musamman don kasuwar waje. Awaki da tumaki suna zuwa daga makiyayan Borana da Afar da Somali, mutane irinmu masu bin ruwa da ciyawa. Likita ya duba dabba da ranta, a yanka ta yankan Musulunci, a sake duba naman, a kwantar da shi ɗakin sanyi wajen kwana guda, a naɗe shi da farin ƙyalle, motar sanyi ta kai shi filin jirgi, ya kwana Dubai ko Jidda. Ba daskararre ba ne, ɗanye ne mai sanyi, shi ya sa yake da daraja. Larabawa kuma ƙaramar akuya suke so, mai nama wajen kilo 8 zuwa 10, irin wadda mu nan ba mu ɗauke ta bakin komai ba. Babban jirgin kaya guda yana ɗaukar wajen ton 100, wato naman akuya dubu 10 a tashi ɗaya. Ba ma sai jirgin kaya ba, kusan rabin kayan da ke tafiya ta sama a duniya a ƙarƙashin kujerun matafiya suke tafiya. Ma'ana, duk jirgin fasinja da aka ƙaru da shi a Yamai, an ƙaru da wurin zuba kaya. Me muke zubawa? Ƙullin kilishi cikin jakar matafiyi, shi ma in Turai ya nufa a ƙwace a bakin shiga, don dokarsu ta hana matafiyi shigo da nama ko cuku daga waje.

Fatake sun fi kowa sanin dalilin da ya sa wannan magana ta dame mu. Kusan ƙofa guda gare mu, ita ce Najeriya. Daga Balleyara, daga Tunfafi, daga Abalak, mafi yawan abin da aka loda Illela ko Jibiya ko Mai'aduwa ko Maigatari ya nufa. In naira ta faɗi, kamar 2016 da 2023, farashin saniya ya faɗi har cikin Azawak. In an rufe iyaka, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sai dabba ta tsaya a hannu tana cin dusar bashi. Ba mu ce jirgi zai maye gurbin Najeriya ba, wannan mafarki ne. Kuɗin ɗaukar kaya ta sama yana da tsada, ba kowane nama ke iya biyansa ba, bajimin Legas da ƙafarsa ko da kamyo zai ci gaba da tafiya. Amma mai ƙofa biyu ba ya ciniki kamar mai ƙofa ɗaya, ko da ta biyun 'yar taga ce.

Sai dai fa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da za ta sayi nama sai ta turo likitocinta sun duba mayanka, sun duba takardun allura, sun tabbata ba ciwon baki da kofato, ba ciwon huhu, ba annobar nan ta zawo da majina mai kashe awaki da tumaki. Nan ma rabin aikin namu ne. Makiyayin da ke ɓoye rabin garke ranar allurar rigakafi don tsoron a ƙirga masa a sa haraji, shi ke rufe mana kasuwar Dubai bai sani ba. Bushiya da ta ƙare shanun kakanninmu, da allura aka kore ta, har aka bayyana a 2011 cewa babu ita a duniya. Ɗaya rabin na gwamnati ne: mayanka mai lantarkin da ba ya ɗaukewa, da ɗakin sanyi a filin jirgin kansa, da doka tsayayya. Mai saye a waje ba ya ƙulla ciniki da wanda za a iya hana shi fitar da kaya dare ɗaya, kamar yadda aka hana fitar da bisashe a watan Mayu na 2025 gab da babbar salla. Muna kuma da wani tsoro, ba za mu ɓoye shi ba, kada a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. In an buɗe wannan hanya aka bar ta hannun manyan 'yan kasuwa uku ko huɗu, su sa farashin da suka ga dama a kasuwannin daji, to makiyayi jirgi kawai zai gani yana wucewa bisa kansa. Sai an sa ma'auni a kasuwa ana sayen dabba da kilo, ƙungiyoyin makiyaya da na mahauta kuma suna da hannu cikin mayankar, kafin mu ce abin namu ne.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa, duk inda za a gina filin jirgi ko a ƙara masa faɗi, a yi awon sau biyu, da damina da kuma rani, a kira ardo da garso da rugga su zauna tun ranar farko, a yi magana da harshen da suke ji. In shinge zai datse burtali, a fitar da wani a kafa masa turaku kafin a ja waya, ba bayan an ja ba. In tabki zai tafi, a gina rijiya ko famfo a madadinsa inda dabba za ta iya kaiwa. Diyyar filin kiwo kuwa ba kuɗin da za a damƙa wa mutum guda ba ne ya shige gari da su. A biya ta da wani filin, ko da rumbun abincin dabbobi na jama'a.

Mu kuma a namu gefen, kowane reshe da ke da filin jirgi a yankinsa, babba ko ƙarami, ko wanda ya ji ƙishin-ƙishin za a gina, ya tara dattawa kafin garke ya tashi arewa. A bi burtali da ƙafa, a rubuta sunan kowace mashaya da kowane hurumi da ke cikin tafiyar rabin yini daga shingen, da zuriyar da ke sauka wurin, da watannin da suke sauka. A kai takarda guda ga kofo a karɓo shaidar an karɓa, a aiko da guda ofishin ƙungiya. Reshen da ba shi da mai rubutu ya sanar da mu, za mu turo masa.